Nomau Mai Bin Link da Ƙafa

A Kwarin Gawo, duk gidan da daddawa ta tare ka tun daga zaure, to gidan Inna Yalwa ne, matar yayana marigayi. Katanga ɗaya ce tsakanina da ita, don haka abin da zan faɗa ba a kasuwa na tsinto shi ba. 'Ya'ya biyu Allah ya bar mata. Babbar ita ce Hansai, tana aikin jinya a birni, can ta yi aure. Ƙaramin shi ne Nomau, wanda ya zauna da uwarsa a gida. Ƙato ne mai ƙarfi, ya ba talatin baya, yana haɗa baƙi ya karanta Hausa a hankali. Ba ya ƙarya, ba ya sata, ba ya zagi. Matsalarsa ɗaya ce, amma ta ishi unguwa guda: abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. An taɓa cewa ya tsare awaki kada su ci gero. Ya tsare su kuwa, yana tsaye suka cinye wake tas, da aka yi masa faɗa ya ce ai ba a ambaci wake ba.

Ita kuwa Inna Yalwa abu ɗaya ta riƙe a duniya, sunanta. Tun da yayana ya rasu ba ta taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Ta kwana da yunwa, ta sayar da zannuwanta, ta yi surfe a gidajen mutane, amma ko gishiri ba ta taɓa aikawa a roƙo mata ba. Ni da nake ƙanwar mijinta ma sai da dabara nake cusa mata abu. Ba ta da shanu, gonarta 'yar ƙarama ce a bayan gari. Taƙamarta kawai ita ce babu mai tashi a dangi ya ce Yalwa ta taɓa roƙonsa.

Da Hansai ta zo ganin gida, sai ta zo da waya irin wadda ake shafawa, ta ce ta Inna ce, don su riƙa ganin juna. Ta sa ta a guruf ɗin dangi, ta sa ta a na mutanen gari. Da yake Inna ba ta karatu, wayar ta faɗa hannun Nomau. A wurin na ce wannan neman magana ne, babu wanda ya kula ni.

Ranar da za ta koma, Hansai ta zaunar da ƙanenta kusa da turmi ta yi masa bayani. Ta nuna masa wani ɗan rubutu mai launin shuɗi, ta ce sunansa link, in ka taɓa shi sai ya wuce da kai wani shafi. Ta ce akwai masu tsawo waɗanda za ka iya karanta sunan wurin a jikinsu, akwai kuma waɗanda aka gajarta, 'yan haruffa ne a cakuɗe, ba ka sanin abin da ke ciki, kamar kwano a rufe. Ta ba da labarin wata abokiyar aikinta da ta taɓa irin wannan, aka ce ta sa lambar wayarta ta sa, aka turo mata wasu lambobi ta mayar musu. Kafin azahar ɓarayi sun ƙwace shafinta na hira, suna bin surukanta ɗaya bayan ɗaya da sunanta da hotonta, wai tana cikin matsi a taimaka mata.

Inna tana daka a lokacin. Ta tsayar da taɓarya.

"Da sunanta suka yi roƙon?"

"Da sunanta, Inna."

"To in dai wannan abin zai yi roƙo da sunana, ɗauke shi ki koma da shi."

Da ƙyar Hansai ta lallashe ta. Ta nuna wa Nomau wani shafi da ake liƙa guntun link a ciki, ya warware shi ya faɗa maka inda ya nufa tun ba ka shiga ba. Ta nuna, ta sake nunawa, yana ta gyaɗa kai irin na ƙadangare. Da ta ga abin ba ya shiga, sai ta ba shi doka mai sauƙi.

"Duk guntun link ɗin da aka turo, kada ka taɓa sai ka tambayi wanda ya turo ina zai kai ka, kuma ko ya gani da idonsa. In ya ce shi ma turo masa aka yi, ka tambayi wanda ya turo masa. Kuma baki da baki za ka tambaya, ban da a rubuce, don wani yana iya amsa maka da sunan wani."

Nomau ya maimaita, bai yar da kalma ɗaya ba. Ita nufinta ya buga wa mutum waya ya ji. Amma ba ta faɗi haka ba, kuma ta san wanda take magana da shi.

Wata rana aka yi suna a gidan Sallau, ɗan ƙanen Inna, can Gidan Jaɓɓa. Inna ba ta je ba saboda ciwon gwiwa, kuma ranar kasuwarmu ce. Da hantsi Sallau ya turo link a guruf ɗin dangi, ya ce ga hotunan suna. Nomau ya riga ya ɗora kwandon daddawa a ka zai kai kasuwa. Yana gani ya sauke kwandon a zaure, ya hau keke ya miƙe hanyar Gidan Jaɓɓa. Ya tarar da jama'a a kan tabarmi ana cin waina. Bai zauna ba, ya ratsa har gaban Sallau ya nuna masa waya ya ce ina wannan zai kai shi. Sallau ya ce hotunan sunan nan ne da kake tsaye a cikinsa. Nomau ya ce ya gani da idonsa? Sallau ya ce bai samu sukunin buɗewa ba, mai hoto ne ya turo masa. Aka nemi mai hoto, aka ce ya wuce wani biki a ƙauyen gaba. Nomau ya sake hawa keke. Sai da rana ta yi ja ya dawo gida, ya ce ya sami mai hoto, hotunan suna ne, ana iya buɗewa. Kasuwa ta watse, kaji sun yi wasa da daddawa a zaure. Inna ta danne zuciyarta ta tambaye shi wa jaririn ya ɗauko a kama. Ya ce bai duba ba, ba a aike shi duba jariri ba.

Wata rana kuma Mai unguwa Barmo ya turo nasa a guruf ɗin gari. Shi wannan bawan Allah, tun da ya sayi babbar waya ba mu huta ba. Duk abin da ya faɗo masa sai ya watsa wa gari, daga maganin basir sai kyautar kati sai labarin ƙasar da ake ruwan kifi. Wannan karon wai wani magani ne na ciwon gwiwa, ga link. Nomau ya tuna da gwiwar uwarsa, ya wuce ƙofar gidan Mai unguwa. Ya tarar ana sasanta wasu manoma biyu a kan iyakar gona, dattawa sun kewaye. Ya cire takalmi, ya durƙusa, ya yi gaisuwa yadda ta dace, don wajen ladabi ba a kushe shi. Sannan ya ɗaga waya ya ce ina wannan zai kai shi. Mai unguwa ya ce wajen magani mana, ya tashi ya ba mutane wuri.

"Ranka ya daɗe, ka gani da idonka?"

Mai unguwa ya gyara hula, ya yi tari, ya ce ai shi ba komai yake buɗewa ba, turo masa aka yi. Nomau ya ce wa ya turo. Ya ce ya manta. Ɗaya daga cikin manoman, wanda shari'a ta fara juyawa a kansa, ya ce to Allah ya sa ita iyakar gonar an gan ta da ido. Dariya ta ƙwace wa dattawa. Da yamma Mai unguwa ya aiko wa Inna cewa ta ja wa ɗanta kunne, ya daina ci wa manya fuska a bainar jama'a. Ni abin ya ba ni haushi ta fuska biyu. Na ji haushin Nomau da bai san inda ake magana da inda ake yin shiru ba. Na kuma ji haushin dattijo da furfurarsa ya riƙa miƙa wa jama'a abin da shi kansa bai leƙa ba, a tambaye shi kuma ya ce an ci masa fuska. Daga ranar yaran gari suka sa wa Nomau suna Ina-zai-kai-ni, suna binsa da shi har bakin rijiya, shi ko a jikinsa.

Wata rana abin ya zo kaina. Na yi dambun zogale mai kyau, da ƙuli da man gyaɗa, na zuba wa Inna a kwano na rufe. Na shiga ban sami kowa ba, na ajiye a ƙofar ɗakinta na wuce gidan gaisuwar rasuwa a unguwar gabas. Nomau ya dawo ya ga kwano a rufe. Ya san kwanona sarai, tun yana yaro yake cin abinci a cikinsa. Amma ya tuna yayarsa ta ce guntun link kamar kwano a rufe yake. Ya ɗauki kwanon da hannu bibbiyu ya bi ni har gidan makoki, ya tsaya a zaure ya ce a yi masa sallama da Gwaggo Marka. Na fito da sauri, na ɗauka wani abu ya sami Inna. Ya ce ni na turo wannan? Na ce ni ce. Ya ce mene ne a ciki? Na ce dambu. Ya ce na gani da idona? Na ce da hannuna na turara shi, ɗan nema. Ya ce zogalen fa, wa ya ba ni? Na ce a bishiyar uwarka na tsinka. Sai ya ce to madalla, ya juya. Matan da ke zaune suna jan carbi suka dinga cusa fuska a mayafi, kafaɗu suna rawa, a gidan da aka yi rashi. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma dambun ya huce kafin ya kai shi gida.

Wata rana ita kanta mai dokar ta ɗanɗana. Ɗan Hansai ya fara tafiya, mijinta ya ɗauke shi a bidiyo ya sa a wani shafi, Hansai ta turo link ta ce a nuna wa Inna. Nomau bai taɓa ba. Ya fara haɗa kaya a jaka zai tafi birni. Inna ta tare ƙofa, ni na kira Hansai da 'yar ƙaramar wayata mai tocila na ba shi. Ta ce ita ce, ya buɗe. Ya ce ya ji murya, amma bai ga baki ba, kuma ita ta ce wani yana iya amsawa da sunan wani. Hansai ta yi salati. Ta kashe, ta kira wayar Inna da kiran da ake ganin mutum, ta matso da fuskarta har ana ganin haƙoranta, ta ce ga bakin. Nomau ya duba da kyau. Ya yi tambayoyinsa duka, ta amsa tana huci. Sannan ya taɓa. Muka ga yaro yana dabo-dabo yana faɗuwa, Inna tana dariya tana share ido. Ni dai na ce wa Hansai ta sassauta dokar nan tun ba ta kai mu ga abin kunya ba. Ta ce a bar shi haka, gara ya yi yawa da ya gaza.

Wata rana, bayan ruwan shuka ya sauka, Mai unguwa ya turo wanda ya girgiza gari. Wai wata hukuma tana rabon taki kyauta, kuma matan da mazansu suka rasu su ne a sahun gaba. Ka taɓa link, ka sa lambarka, a turo maka wasu lambobi ka mayar, shi ke nan sai jiran mota. Za a rufe kafin sallar Juma'a. Wanda ya san tsadar taki a shekarar ba zai ga laifin mutane ba. Ƙofar gidan Mai unguwa ta cika, masu waya suna dannawa, marasa ita suna roƙon a sa su. Gonar Inna ta gaji, bara ko iri da ƙyar ta mayar. Abin da ta fara tambaya shi ne ko wannan roƙo ne. Aka ce mata a'a, rabo ne, haƙƙin kowa ne. Sai ta ce wa Nomau ya taɓa.

Ya ce sai ya tambaya.

Ya koma gaban Mai unguwa, ya durƙusa. Mai unguwa ya kusa haɗiye harshensa don takaici, amma wannan karon ya tuna, ya ce Ɗanbaba direba ne ya turo masa. Nomau ya tafi tasha. Ɗanbaba ya ce shi ma bai ga takin ba, wani mai sayar da iri a kasuwar Rafin Ƙaya ne ya turo masa. Nomau ya zura waya a aljihu ya hau keke. Ranar bai dawo ba, washegari ma haka.

A cikin gari kuwa sai murna. Kowa ka gamu da shi ya ce ya yi rijista. Mata suna shigowa gidan Inna, wai jaje, alhali tsegumi ya kawo su. Wannan ta ce ita da aka sa a sahun gaba ita ce za ta tashi a tutar babu. Waccan ta ce ai laifin Hansai ne da ta damƙa wa irin wannan yaro waya. Inna tana jin su, ta ci gaba da tankaɗenta.

Da safiyar Juma'a Mai unguwa ya aiko aka kira mu. Ya ce shi ba ya riƙe mutum a zuci, zai sa wa Inna lambarta ta wayarsa. Ya sa. Shafin ya ce an tura lambobi, a shigar da su a kammala. Lambobin kuwa sun tafi wayar da ke aljihun Nomau, Allah kaɗai ya san a wane ƙauye. Na ciro 'yar wayata na kira shi. Ya ɗauka. Na miƙa wa Inna, mutane sun kewaye mu, Mai unguwa ya ɗaga yatsa yana jira.

"Nomau, ni ce. Akwai lambobin da suka shigo yanzu, karanta wa Mai unguwa."

"Sun shigo. Amma ban gama tambaya ba."

"Na ce ka karanta. Uwarka ce take magana."

"Na ji murya irin ta Inna, amma ban ga baki ba."

Wayata ba ta nuna hoto, ta Mai unguwa kuwa tana kan shafin, ya ce in ya fita komai zai lalace. Inna ta yi masa nasiha, ta yi faɗa, ta ambaci nonon da ya sha. Nomau ya ce in ya dawo gida ya ga Inna da idonsa duk abin da ta ce zai yi. Na karɓe wayar na wanke shi tas, ban rage masa komai ba, kuma har yau ban ga laifina ba. Ya saurara har na gama, sannan ya ce in Gwaggo Marka ce da gaske, don Allah a ba awaki ruwa. Aka kira salla. Mai unguwa ya mayar da waya aljihu ya ce shi dai ya fita haƙƙin maƙwabtaka. Muka dawo gida ana kallonmu. Inna ta shiga ɗaki ta yi kuka, abin da ban gani ba tun rasuwar yayana. Ta ce abu ɗaya da za ta samu ba tare da ta roƙi kowa ba, ɗanta na cikinta ya hana ta.

Washegari gari ya tashi da wani irin yanayi. Wannan ya ce shafinsa na hira ya ƙi buɗewa, wancan ya ce an fitar da shi. Kafin hantsi kira ya fara shigowa daga dangi na nesa. Surukan Mai unguwa suka bugo suna tambayar wane asibiti aka kwantar da shi, wai ya rubuto musu yana neman agaji. Ɗanbaba direba ya ji wai motarsa ta faɗi, yana roƙon abokan aikinsa. Ɗaya daga cikin matan da suka zo yi wa Inna jaje aka ce ta bi 'yan uwan mijinta kaf tana kukan yunwa. Duk wanda ya mayar da lambobin nan, sunansa da hotonsa suna can suna yawon roƙo, shi yana zaune a gida bai sani ba. Wasu dangin har sun riga sun tura abin da suka tura. Mutane suka yi cirko-cirko a ƙofar gidan Mai unguwa, shi kuwa ya ƙi fitowa.

Ana cikin haka Nomau ya shigo yana tura keke, taya ta fashe, laka har gwiwa. Ya gaida uwarsa, ya gaishe ni, ya zauna a ƙasa ya ba da rahoto kamar wanda aka aika sayen ashana. Ya ce mai sayar da iri ya ce daga wayar Malam Wada saƙon ya fito, tsohon malamin gona, wanda duk yankin nan in ya yi magana a kan taki ba a musu. Shi ya sa kowa ya yarda. Ya nemi garin Malam Wada, ya sami gidan, ya yi sallama ya ce yana son ganinsa baki da baki. Aka ce masa Malam ya rasu tun kafin girbin bara. Ya ce ai ga saƙonsa na wannan makon. Sai matar marigayin ta yi magana daga bayan ƙofa. Ta ce bayan rasuwar Malam, ɗansu ne ya riƙe wayar, ya taɓa wani guntun link, tun daga ranar ɓarayi suke yawo da sunan mijinta da hotonsa, yau roƙo gobe rabon taki. Ta ce ta bi gida-gida tana cewa ba su ba ne har ƙafarta ta gaji, mutumin da bai taɓa cin na kowa ba ga shi yana kabari ana bara da sunansa. Nomau ya ce tana magana tana kuka.

Na ce to da ka ji haka ai sai ka juyo. Ya ce a'a, Yaya Hansai ta ce a tambayi wanda ya turo. Ya sa an nuna masa maƙabarta.

"Na yi masa addu'a, na tambaye shi ina zai kai ni. Na jira, bai ce komai ba. Shi ya sa ban taɓa ba." Ya ciro wayar ya miƙa. "Yanzu na ga bakinki, Inna. In karanta lambobin?"

Inna ta riƙe hannunsa da wayar gaba ɗaya, ta ce kada ya kuskura.

Ba ta saki hannun ba wayar ta yi ƙara. Yayanta ne, Kawu Lawandi, daga Funtuwa, mutumin da rabin garinmu suke da lambarsa saboda yana da rufin asiri. Ya ce tun safe mutanen Kwarin Gawo suke roƙonsa a rubuce, har da Mai unguwa, har ya gane ba lafiya ba. Ya ce yana ta duba waya yana jiran nata ya shigo, bai shigo ba.

"Na ce wa iyalina, Yalwa ce. Ko ɓarawo bai isa ya sa ta roƙo ba."

Inna ta ce masa Allah ne ya tsare. Ta ajiye wayar a hankali, ta zauna a kan turmi, ta daɗe tana kallon ƙafafun ɗanta da laka ta bushe a kansu.

Da muka gaya wa Hansai, ta ce a turo mata link ɗin ba tare da an taɓa ba. Ta liƙa shi a shafin nan na warwarewa, kafin in gyara ɗaurin ɗankwalina ta ce ga shi, wani wuri ne can daban, babu sunan wata hukuma a jikinsa. Abin da ɗan yayana ya kashe taya ya kwana a ƙauyukan mutane a kansa, ashe aikin ƙiftawar ido ne. Wannan ya ba ni haushi. Amma abin da ya fi ba ni haushi shi ne gari guda na masu wayo, masu yi wa Nomau waƙa, babu ko ɗaya da ya yi mai sauƙin, balle mai wuyar.

Da la'asar suka fara zuwa. Wayar Inna ce kaɗai ta rage a guruf ɗin gari da ba a ƙwace ba, kuma da ita ake sanar da jama'a cewa duk saƙon roƙon da suka gani ƙarya ne. Matan da suka zo tsegumi suka dawo suna sunkuyar da kai. Mai unguwa da kansa ya zo ya tsaya a zauren da kaji suka ci daddawa, ya ce a taimaka a ara masa wayar. Inna ba ta gaya wa kowa baƙar magana ba, ta ce Nomau ya riƙe musu su yi magana. Kuma kada ku ɗauka wani ya ba shi haƙuri. Babu ko ɗaya. Har gobe in ya wuce sai ka ji an ce ga wawan gidan Yalwa, sa'a ce kawai ya taka. Ni kuwa duk wanda ya faɗa a gabana sai na tambaye shi ina nasa takin.

Taki dai bai zo wa kowa ba. Inna ta ce toka da kashin awaki sun riƙe gonar tun zamanin mijinta, za su ƙara riƙe ta bana. Bayan mutane sun watse ta shiga madafa, ta fito da tuwo da miyar kuka wadda ta ji daddawa, a kwano a rufe, ta ajiye a gabansa. Nomau ya dubi kwanon, ya dubi uwarsa, ya buɗe baki zai fara. Ta riga shi. Ta durƙusa da gwiwar nan tata mai ciwo, ta ɗage murfin da hannunta.

"Ni na tuƙa, na gani da idona, ga kuma bakina. Ci abinka."